Ciwon cikin da gwaji ba ya gani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wani ciwo da ya yawaita a cikin jama'armu ta Zango a nan Kumasi, amma kunya da rashin sani suka hana a ambace shi da sunansa. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk wadda ta taɓa sa farar riga ta san cewa ritayarta a ƙofar asibiti take tsayawa, domin a unguwa ba a rasa mai sallama da takardar gwaji a hannu yana cewa, "Hajiya, duba mini abin da suka rubuta." A cikin masu zuwan nan babu waɗanda suka fi ba ni tausayi kamar masu ciwon ciki na shekara da shekaru, waɗanda duk takardunsu ke shaidar cewa lafiyarsu ƙalau.

Mai ciwon ya san alamominsa sarai. Ciki yana murɗawa, yawanci daga cibiya zuwa mara, sau da yawa ta gefen hagu, kuma murɗawar tana da alaƙa da zagawa bayan gida: ko dai ta lafa bayan an zaga, ko ta tsananta a lokacin. Wani gudawa ce ke addabarsa, musamman da sassafe ko da zarar ya tsame hannu daga kwano, har sai ya zaga sau da dama kafin ya iya fita nema. Wani kuma bayan gidan ne ke taurare masa, ya yi kwanaki bai fita ba, in ya zo ya fito guntu-guntu da ƙyar. Akwai wanda ya haɗa biyun, wannan mako zawo, mako mai zuwa cushewa. A kan wannan duka akwai kumburin ciki, irin wanda ke sa mace ta kwance zaninta da la'asar ta sake ɗaurawa domin ya matse ta, da yawan iska, da ƙugi, da jin cewa ba a gama ba bayan an taso, wani lokaci da ɗan farin yauƙi a jikin bayan gidan.

Likitoci suna kiran wannan ciwo IBS, wato hanji mai saurin tunzura, kuma suna da ƙa'idojin gane shi da ake kira ƙa'idojin Rum, domin a birnin Rum na Italiya ƙwararru suka fara zaman tsara su. Bugu na huɗu, wanda ya fito a 2016, ya ce a duba mutumin da ciwon ciki ke taso masa aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata 3 da suka wuce, wanda abin ya fara masa aƙalla wata 6 baya, kuma ciwon na tafiya tare da biyu daga cikin abubuwa uku: yana da alaƙa da zagawa, ko yawan zagawar ya canza, ko kamannin bayan gidan sun canza. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa tsakanin mutum 4 zuwa 10 cikin kowane 100 suna da shi, gwargwadon tsaurin ma'aunin da aka auna da shi, kuma ya fi yawa ga mata da waɗanda ba su kai shekara 50 ba. Ko da ƙaramin adadin muka ɗauka, duk wanda ya san yawan jama'ar Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Sawaba zai gane cewa maganar dubban mutane ake yi.

Dalilin da ya sa gwaji ba ya kama shi shi ne babu gyambo ko ƙari ko tsutsa da za a nuna a ce ga shi. Matsalar tana cikin yadda hanjin ke aiki, da kuma saƙonnin da ke kai-kawo tsakaninsa da ƙwaƙwalwa. Hanji yana da miliyoyin jijiyoyi na kansa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin da ke jikin ɗan Adam a hanji ake samunsa, sinadarin da ke da hannu a motsin hanjin da kuma yanayin zuciya. Ga mai wannan ciwo, hanjin yakan yi sauri ko ya yi nawa, sannan jijiyoyinsa sun fi na kowa saurin jin zafi, kamar mai ƙuna a hannu wanda ruwan ɗumin da kowa ke alwala da shi cikin jin daɗi shi yake sa shi ihu. Iskar da ke wucewa a cikin kowa ba tare da ya sani ba, shi tana murɗa shi. Wasu abin yakan fara musu bayan atini ko gudawa mai tsanani da suka kamu da ita ta gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma an kiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin goma da suka yi irin wannan gudawa hanjinsu ba ya komawa daidai da wuri, ko da ƙwayar cutar ta daɗe da mutuwa. Mu da muka san yadda kwatocinmu ke cika su malalo da damina ba ma bukatar a faɗa mana yawan masu bi ta wannan ƙofa.

Malam Edita, abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne hanyar da mutanenmu ke bi kafin su ji sunan ciwon, idan ma sun taɓa jinsa. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a Kejetia ta zo mini da baƙar leda, ta zazzage ta a kan tabarma. A ciki akwai takardun gwajin taifot da suka kusa cika hannu, wasu sun yi laushi saboda ninkewa, da fankon ƙwayoyin sipro da na metronidazol, waɗanda magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, da na omeprazol na olsa, da wata kwalba marar takarda mai ɗan sauran baƙin ruwa a gindinta. Na tambaye ta ko tana zazzaɓi a lokutan da aka ce mata taifot ne, ta ce ko sau ɗaya jikinta bai yi zafi ba, ciki ne kawai. To, taifot cuta ce ta zazzaɓi mai tsanani da ke kwantar da mutum, ba ta zama a jiki shekara biyar tana tashi duk ranar da aka ci wake. Gwajin Widal da ake yawan yi mana domin neman taifot tsohon gwaji ne tun na 1896, kuma a ƙasashe irin namu yana iya nuna alama ga wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar tun da daɗewa, ko ma ga mai zazzaɓin cizon sauro. Tabbatar da taifot sai an shuka jini a ɗakin gwaji an ga ƙwayar ta tsiro. Kowane zagaye na maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha ba da dalili ba yana kashe ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji, abin da kan ƙara rikita cikin, kuma yana koya wa miyagun ƙwayoyin jure magani, ta yadda ranar da taifot na gaske ya zo sai a rasa abin da zai kama shi.

Daga kantin magani sai a faɗa hannun mai kwalba. Kowa ya san shi: mota na barin tasha zai miƙe a gaba, ya yi sallama, ya yi wa fasinja addu'ar sauka lafiya, sannan ya ɗaga kwalba ɗaya da ya ce tana maganin taifot da olsa da basir da sanyi da ciwon baya da raunin mazakuta. Yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe masu wanke ciki ne, sai mai cushewa ya sha ya yi ta zagawa ya ce "datti ya fita," bayan kwana uku abin ya dawo. Haka masu jiƙa filasko ko jar kanwa kullum, da masu ɗurar ruwan citta da barkono ta ƙasa da abin da maƙwabtanmu Asante ke kira bentuwa, duk suna ƙara tunzura hanjin da dama a tunzure yake. Ba raina maganin gargajiya nake yi ba, domin Gana tana da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong Akuapem, kuma hukumar kula da abinci da magunguna tana yi wa waɗanda ta tantance rajista. Kwalbar da ba ta da suna, ba ta da lamba, ba a san abin da ke cikinta ba, ita nake ja wa mutane kunne a kai.

Kafin kowa ya karanta wannan wasiƙa ya yanke wa kansa hukunci, wajibi ne in faɗi alamomin da ba na wannan ciwo ba ne, waɗanda duk mai su ya kamata ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba. Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin. Rama ba tare da an rage ci ba. Ƙarancin jini, wanda kan bayyana da kasala da haki da farin ido. Zazzaɓi mai dawowa. Amai marar tsayawa. Gudawa ko ciwon da ke tayar da mutum daga barci cikin dare. Ƙullutu a ciki. Canjin bayan gida da ya fara wa mutum bayan ya haura shekara 50. Ko kuma a ce wani a dangi na kusa ya yi sankarar hanji. Mace mai shekaru da kumburin ciki ya same ta sabo, kuma ba ya sacewa, tana bukatar a duba mata mahaifa da ƙwayayenta. Mu a nan muna da saurin cewa kowane jini basir ne, kuma na ga waɗanda wannan kalma ta cinye musu watannin da da an yi musu aiki a cikinsu da sun rayu. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ya dace likita ya auna jini, ya duba bayan gida saboda tsutsa da ƙananan ƙwayoyin cuta irin su amiba da jiyardiya, waɗanda suka yi yawa a wurinmu kuma suna kwaikwayon wannan ciwo. Idan ya ga dalili zai tura mutum Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, ko Korle Bu ga mutanen Accra, a leƙa hanjin da na'ura, amma ba kowa ne ke bukatar wannan ba. Katin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa dokarsa tun 2003, yana ɗauke kuɗin ganin likita da wasu gwaje-gwajen, don haka a riƙa sabunta shi.

Ina da ƙorafi a kan abokan aikina, kuma zan faɗe shi a fili. Idan gwaji ya fito babu komai, jumlar da aka fi sallamar marar lafiya da ita ita ce, "Ba ka da komai, je ka gida." Mutumin da ya kwana yana juyi ya ji an ce ba shi da komai, ɗayan biyu zai ɗauka: ko likitan bai san aikinsa ba, ko kuma abin ba na asibiti ba ne, hannu aka sa masa. Minti biyar sun isa a ce masa ciwonsa gaskiya ne, yana da suna, ba ya zama sankara, ba ya cinye hanji, ba ya rage kwana, amma yana tafiya yana dawowa, kuma abin da ake nema shi ne a shawo kansa har ya daina hana mutum harkokinsa. A ganina wannan bayani ya fi rabin ƙwayoyin da muke rubutawa amfani, domin tsoron cewa wata muguwar cuta na ɓoye a ciki yana cikin abubuwan da ke hura wutar ciwon.

Sai maganar abinci, inda aikin ya fi yawa. Kafin a kai ga haramta wa kai wani abu, a fara gyara yadda ake cin. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da direbobi da masu ɗinki ba sa karyawa, su yini a kan goro da shayi, sannan da dare su zauna wa tulin abinci mai maiƙo su kwanta a kansa. Hanji mai saurin tunzura ya fi son abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, a tauna a hankali, da ruwa kamar kofi 8 a yini. Shayi da kofi kada su wuce kofi 3, kuma a tuna cewa goro da ataya da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin da ke zaburar da hanji. Lemon kwalba mai gas iska ce ake ɗura wa ciki, cingam da alewar da aka rubuta babu sukari a cikinsu kuwa sukan ƙunshi wani abin zaƙi mai suna sobitol wanda ke saki ciki. Akwai mutanen da wannan gyara kaɗai ke isar su.

Wanda bai ishe shi ba sai ya koma neman abincin da ke tayar masa da ciwon, kuma a nan masu bincike na Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostareliya sun yi aiki mai amfani tun wajen 2005. Sun nuna cewa akwai wasu nau'o'in sukari a cikin abinci waɗanda ƙaramin hanji ba ya tsotse su da kyau, sai su jawo ruwa, su gangara babban hanji, ƙwayoyin da ke can su rubar da su su fitar da iska. Suna da yawa a albasa da tafarnuwa da alkama da wake da madara da zuma da mangwaro da kankana da tuffa da yazawa. Suna da ƙaranci a shinkafa da masara da gero da dawa da dankalin Turawa da ɗanyar ayabar dafawa, da nama da kifi da ƙwai, da gyaɗa, da gwanda da abarba da lemon zaƙi, da karas da kokwamba da alayyafo. Fiye da rabin waɗanda suka rage rukunin farko suna samun sauƙi.

Yanzu a dubi farantin waakye da muke saye da hantsi. Akwai wake a cikin shinkafar, an ɗora taliya wadda alkama ce, an zuba miya da aka soya da albasa mai yawa, an ƙara shito mai barkono da mai, ga soyayyen kifi ko ganda a gefe. Mai ciwo ya ci ya kwana yana murƙususu, gobe ya ce shinkafa ba ta karɓe shi ba, alhali shinkafar ba ta da laifi a farantin. Haka kokon safe, wanda gero ne kuma yawanci ba ya damun kowa in ba a cika masa yaji ba, amma abokan tafiyarsa, ƙosai da pinkaso da burodi, wake ne da alkama da albasa da mai. Tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuɓewa ko kuka yana cikin abin da ya fi kwanciya a irin wannan ciki, matuƙar an rage jar miyar da ake malalawa a sama. Game da madara kuwa, yawancin manyan mutanen Afirka ta Yamma jikinsu yana rage narkar da sukarinta bayan yarinta, in ban da Fulani da suka gāji jure ta, shi ya sa kofin shayi mai kaurin madara ko gorar burkina ke kumbura wasu, alhali nono mai tsami kaɗan a fura ba ya yi musu komai.

Na san uwargida za ta ce miya ba albasa ba miya ba ce, kuma tana da gaskiya. Dabarar ita ce a yanka albasa da tafarnuwa manya-manya, a soya su a mai har ƙamshin ya fita, a tsame su a zubar kafin a zuba ruwa ko tumatir, domin abin da ke kumbura ciki ba ya narkewa a mai, a ruwa yake narkewa. Koren lawashi ma yana ba da ɗanɗano ba tare da wahalar ba. Wake kuma a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi luguf, a ci kaɗan.

Sai dai wannan ragewa ta ɗan lokaci ce, mako 4 zuwa 6, ba ta har abada ba. Bayan nan sai a riƙa dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya, a fara da kaɗan a ƙara cikin kwana uku, a huta, sannan a gwada na gaba, domin abin da ke tayar wa wani ba shi ke tayar wa wani ba, kuma sau da yawa yawan abin ne matsala ba shi kansa ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa wannan aiki: a rubuta abin da aka ci da lokacinsa, da yadda cikin ya kwana, da abin da ya faru a ranar na ɓacin rai ko rashin barci, mace kuma ta sa kwanakin al'adarta, domin ciwon yakan tsananta a lokacin. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami, ko ɗansa ya rubuta masa. Na ga waɗanda tsoro ya sa suka bar komai sai koko da farar shinkafa har suka rame suka fita hayyacinsu, wannan kuma wata cutar ce aka ƙara a kan ta farko. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon sukari da yaro kada su shiga wannan tsari sai da jagorancin masanin abinci na asibiti.

Magunguna suna da wurinsu, kowanne da alamar da yake yi wa aiki. Ga murɗawa akwai hayosin, wanda aka fi sani da Buscopan, da mebeberin, da ƙwayar man na'a-na'a. Ga gudawa akwai loperamid, wanda ke da amfani ƙwarai ga mai shirin doguwar tafiya zuwa Tamale ko Bawku, amma ba a shan sa idan akwai jini ko zazzaɓi. Ga cushewa akwai garin ispagula, wato garin ɓawon 'ya'yan wani tsiro da ke tausasa bayan gida, a fara da kaɗan da ruwa mai yawa, dusar alkama kuwa takan ƙara kumburi. Idan waɗannan ba su yi ba, likita na iya rubuta amitriptilin kaɗan da dare, kuma wani babban gwaji da aka yi a Ingila, wanda aka buga a 2023, ya tabbatar da amfaninsa daga miligiram 10 zuwa 30. Mutanenmu sukan ji an ce asalinsa maganin damuwa ne su jefar da shi suna cewa an mayar da su mahaukata, alhali a wannan ɗan ƙaramin awo jijiyoyin hanjin yake kwantarwa. Yana sa barci da bushewar baki, don haka ba abin saye a kanti ba ne. Tramadol da kodin kuwa a nisance su, domin suna ɗaure hanji su ƙara ciwon, ban da bala'in kamu da muke gani a samarinmu, magungunan kashe zafi irin su diklofenak da ibuprofen kuma suna iya jawo gyambon da dama babu shi.

Damuwa ba ita kaɗai ke haddasa ciwon ba, amma tana tayar da shi, kuma kowa ya taɓa jin cikinsa ya kaɗa ranar jarrabawa ko ranar da mai gida ya zo karɓar kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranaku, da barci a kan lokaci, da zama a ja numfashi a hankali bayan sallar asuba, duk suna taimakawa, kuma zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam yana cikin hanyoyin da bincike ya tabbatar da amfaninsu ga wannan ciwo. Amma akwai wata damuwa tamu ta Zango da littattafan likitanci ba su san da ita ba, ita ce ta makewayi. Gidan haya mai ɗaki goma sha, babu bayan gida ko ɗaya, kowa sai ya ɗauki buta da 'yan sulalla ya bi layin na gwamnati da asuba. Mai gudawar safe da zai zaga sau uku zai biya sau uku, ya bi layi sau uku, idon unguwa na kansa. Na san matan da ke ƙin cin abincin dare, da masu riƙe bayan gida har dare ya raba, saboda kawai kada a gan su suna zarya, kuma riƙewar tana ƙara taurin cikin. Masu gidajen haya da ke ƙara ɗaki a kowane lungu su ji tsoron Allah su ware wuri ɗaya domin makewayi, hukumomin gunduma kuma su tsaya a kan dokar da ta wajabta shi.

Akwai kuma abin da masu ciwon ba sa iya faɗa wa likita, sai dai su raɗa wa irinmu, wato maganar alwala. Na san dattijon da ya daina zuwa sahun gaba, daga baya ya daina zuwa jam'i gaba ɗaya, domin cikinsa na ƙugi kuma kullum yana shakkar ko alwalarsa ta karye, har yakan sake ta sau da dama kafin ya idar da salla ɗaya. Ni ba malama ba ce, amma abin da muka koya tun muna yara shi ne ƙugin ciki ba ya karya alwala, kuma hadisi ingantacce ya hana mai shakka barin sallarsa sai ya ji sauti ko wari. Malaman Malikiyya kuma sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mai salisi, wanda abu ke kuɓuce masa a mafi yawan lokaci ba da ikonsa ba. Ina roƙon limamanmu su riƙa taɓo wannan babi a karatun tsakanin magariba da lisha, a kuma isar da shi ga makarantun matan aure, domin mutane na cutuwa a kan abin da shari'a ta riga ta sauƙaƙa. Da azumi ma, wasu sukan ji daɗin cikinsu da rana, wahalar tana zuwa ne a buɗa-baki, lokacin da ake tara ruwan ƙanƙara mai zaƙi da dabino da yawa da ƙosai da kankana da soye-soye a cikin da ya yini a wofi. A sha ruwa da dabino ɗaya da ɗan koko, a yi salla, a ci abinci daidai, a rarraba shan ruwa har sahur, kada kuma a tsallake sahur ɗin.

Iyalai ma suna da nasu kason. Amaryar da ta ce wake ba ya karɓar ta a gidan surukai sai a ce yanga take yi, magidancin da ya ɗauke hannu daga girkin ɗaya daga cikin matansa sai a ce ya fifita ɗayar, ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma sai a fara kallon kishiya ko abokin kasuwa da zargin sammu. Na ga zumuncin da wannan zargi ya raba, alhali albasa ce da madara da rashin barci. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti ba, zuwa asibiti ma bai hana su ba, amma ɗora wa bayin Allah laifin da ba a gani ba zalunci ne. Taimakon da mai ciwon ke bukata a gida ƙarami ne: a ɗebar masa miya kafin a zuba yaji, kada a tilasta masa cin abin biki don kunya, kada a yi masa dariya idan ya tashi tsakiyar hira.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka gayyato likitan ciki da masanin abinci su riƙa amsa tambayoyin masu karatu a wannan shafi da Hausa, suna ambaton abincin da muke ci da sunayensa, a kuma bar masu tambaya su sakaya sunansu. Masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyon Kumasi da Accra su ba wannan batu ko da kwatankwacin lokacin da suke sayar wa masu tallar kwalba. Masu kantin magani na unguwa, waɗanda su ne likitan farko ga yawancinmu, su daina miƙa maganin taifot ga wanda ba ya zazzaɓi. Wanda kuma zai je ganin likita ya tafi da littafinsa na abinci da duk takardun gwajinsa na baya da fankon magungunan da ya sha, har da na gargajiya, ya faɗi yaushe abin ya fara da sau nawa yake zagawa da yadda bayan gidan yake, ba tare da kewaye-kewaye ba, sannan ya tambaya kai tsaye ko abin da ke damunsa IBS ne, da kuma ranar da zai dawo a sake duba shi.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Aboabo, Kumasi.